Kayan sauti: saitin kwali ko haɗe-haɗe?

Da Disamba ta kama, kasuwar masu kayan sauti a Kafanchan sai ta buɗe, don kowa na son kiɗa a gidansa tun daga Kirsimeti har bikin Afan na Kagoro, ranar 1 ga Janairu. Mai ƙaramin ƙarfi kan rasa na zaɓa: saitin LG ko Hisense a kwali, ko amfilifayar gwanjo da sifikun wani kamfani?

Saitin kwali ba ya da wahala, rimot ɗaya ne, a jona kawai. Amma in uwar saitin ta ƙone, sau da yawa sifikun sun zama ado, domin bakin wayarsu ba ya shiga ta wani kamfani.

Haɗe-haɗe ya fi daɗin gyara, ana kuma sayensa da kaɗan-kaɗan. Sai dai a juya bayan kowanne a karanta. Sifika mai om 4 kan sa amfilifayar da aka rubuta wa 8 ta ɗauki zafi har ta lalace. Kayan Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230. Wajen ƙarfin sauti kuwa, lambar PMPO ta talla ce, ta RMS za a tambaya. Kuɗin sitabilaiza kuma a ware shi kafin a fara ciniki.