Shamakin da Ke Cikin Batir

Tun da aka buɗe masana'antar sarrafa dutsen litiyam ta kamfanin Avatar a jihar Nasarawa cikin watan Mayu na 2024, zancen wannan ma'adini bai bar bakin mutanen Lafiya ba, kama daga ofisoshin hukuma har rumfunan masu cajin waya. Amma ƙalilan ne suka san cewa batirin da ake haƙar dutsen dominsa ba zai yi aiki ko da na sa'a guda ba, in ba don wata 'yar leda da ke naɗe a cikinsa ba.

Asalin al'amarin shi ne, kowane batir yana da ɓangarori biyu da wutar ke kai da komo tsakaninsu, waɗanda lalle ne su kusanci juna matuƙa, alhali kuwa haɗuwarsu halaka ce, domin da zarar sun taɓa juna sai zafi ya tashi, gobara ta biyo baya. Masana suka warware wannan mas'ala da shamaki na roba, daga jinsin da suke kira folima, wato sinadaran da ƙwayoyinsu ke sarƙe da juna cikin dogon jeri. Mafi yawanci foliyetilin ne, wanda shi ne dai asalin ledar ruwan sha da muke yarwa a kwata, ko kuwa ɗan uwansa folifirofilin. Sai dai an miƙe shi har kaurinsa ya koma kamar kashi 1 cikin 40 na milimita ko ƙasa da haka, ya kuma cika da ƙofofin da ido ba ya riska, ta yadda ƙwayoyin litiyam za su ratsa cikin ruwan batir, ɓangarorin nan biyu kuwa su zauna a rabe.

Hikimar da ta fi burge ni tana nan gaba. Idan zafi ya kai wajen digiri 130, foliyetilin kan fara narkewa ya toshe ƙofofinsa da kansa, wuta ta yanke kafin musiba ta auku. Wannan kariya fa tana da iyaka, kamar yadda duniya ta shaida a 2016, sa'ad da kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa saboda aibin da ya sa ɓangarorin batirinta ke haɗuwa.

Alaƙar folima da wannan fanni ma ta girmi batirin litiyam da kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, domin Akira Yoshino na Japan, ɗaya daga cikin ukun da aka bai wa lambar Nobel a 2019, ya soma gwajinsa ne da wata roba mai ɗaukar lantarki kafin ya koma ga sinadarin gawayi.

Abin lura ga mai hankali shi ne, Nijeriya tana da tushen abubuwan biyu: litiyam a ƙarƙashin ƙasar Nasarawa, foliyetilin da folifirofilin kuma a masana'antar Eleme ta jihar Ribas. Amma miƙe robar ta zama shamaki marar aibi sana'a ce mai bukatar ilimi mai zurfi da injuna masu tsada, wadda har yau akasarinta ke hannun Sin da Japan da Koriya ta Kudu. Kuma ina ganin ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Tarayya ta Lafiya sun fi kowa cancantar a ɗora su a kan wannan bincike, tun da dutsen a jiharsu ake haƙarsa.