Dula: Matar da Ke Zama da Mai Naƙuda

A tsakiyar shekarun 1970, a wani babban asibiti da ke birnin Gwatamala a yankin Amurka ta Tsakiya, doka ce duk macen da ta zo haihuwa ta bar danginta a ƙofa. Uwa ba ta shiga, miji ba ya shiga, ƙawa ba ta shiga. Ba mugunta ce ta kawo dokar ba. Mata gommai ne ke sauka a wurin kowace rana, ɗakuna sun yi kaɗan, ma'aikata ma haka. Sai ka ga yarinya mai cikin fari, wadda da a ƙauyensu ne da uwa da kaka da gwaggo sun kewaye ta, tana murƙususu ita kaɗai a kan gado, nas ta leƙo ta duba ta, ta wuce wajen wata.

Wasu likitocin yara biyu daga birnin Cleveland na Amurka, John Kennell da Marshall Klaus, sun je ƙasar Gwatamala ne don binciken wani abu dabam, wato shaƙuwar uwa da jariri a sa'o'in farko bayan haihuwa. Wata ɗaliba da ke taimaka musu ta kasa tafiya ta bar matan cikin wannan hali, sai ta riƙa zama da su har su sauka. Aka lura cewa waɗanda ta zauna da su suna haihuwa da wuri. Maimakon su ɗauki abin a matsayin dace, sai likitocin suka haɗa kai da wani likitan ƙasar mai suna Roberto Sosa suka shirya gwaji. Aka raba masu cikin fari gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya aka bar su yadda aka saba. Ɗaya rukunin kuwa kowace aka ba ta mace guda, wadda ba nas ba ce, ba ungozoma ba ce, ba ta ma taɓa ganin mai naƙudar ba. Aikinta ta zauna, ta riƙe hannu, ta shafa baya, ta yi magana mai daɗi, kada ta tashi.

Sakamakon ya fito a 1980. Waɗanda aka bari su kaɗai sun kwashe kimanin awa 19.3 daga shiga asibiti zuwa haihuwa. Waɗanda aka zauna da su, awa 8.8. Bayan sun sauka kuma an ga sun fi zama a farke da jariransu, sun fi shafa su, sun fi yi musu murmushi da magana. Mata 20 ne kacal a kowane rukuni, don haka aka sake gwajin da mata 465 a asibitin, aka buga a 1986. Cikin waɗanda ba su da mai raka su, kashi 17 cikin 100 sai da aka yi musu tiyata. Cikin masu rakiya, kashi 7. Ƙarin ruwan naƙuda ya sauko daga kashi 13 zuwa kashi 2.

Wannan mace mai zama da mai naƙuda ita suka kira dula, sunan da wata masaniyar al'adun ɗan Adam Ba'amurkiya, Dana Raphael, ta ɗauko daga Girkanci wajen 1969 ta raɗa wa matan da ke taimakon mai jego wajen shayarwa.

Abin da take yi, da abin da ba ta yi

A ƙasashen da dula ta zama sana'a, aikinta yakan fara tun ciki na wata bakwai ko takwas. Za ta ziyarci mai cikin sau ɗaya ko sau biyu, ta ji me take tsoro, me ya faru a haihuwarta ta baya, wa take so ya kasance kusa da ita. Ranar da naƙuda ta tashi, ko ƙarfe biyun dare ne, ita ake kira.

Daga nan aikin na hannu ne da na baki. In ciwon ya taso ta danne wa mai naƙuda ƙugu da tafin hannu, ta ɗora mata tawul mai ɗumi a gadon baya, ta tuna mata ta ja numfashi ta sake shi a hankali. In ya lafa ta ba ta ruwa ta kurɓa, ta share mata gumi, ta kama ta su taka a cikin ɗaki, ta ce mata ta durƙusa ko ta kwanta gefe, domin kwanciyar rigingine tsawon sa'o'i ba ta taimakon naƙuda. Idan likita ya zo ya yi bayani da yaren asibiti ya fita, ita ce za ta maimaita shi da maganar da mai naƙuda za ta gane, ta kuma tuna mata cewa tana da damar tambaya kafin a yi mata wani abu. Inda ake barin miji ya shiga, shi ma tana kula da shi: ta nuna masa inda zai dafa, ta ce ya fita ya ci abinci ya dawo, ta gaya masa cewa wannan nishin da yake ji ba alamar hatsari ba ne. Jariri ya faɗo, ta taimaka a ɗora shi a ƙirjin uwarsa ya kama nono. Akwai kuma masu aikin jego zalla, waɗanda ke zuwa gida makonnin farko su riƙe jariri uwa ta yi barci, su lura ko damuwar bayan haihuwa ta fara kama ta.

Amma dula ba ta duba buɗewar bakin mahaifa, ba ta auna bugun zuciyar jariri, ba ta allura, ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibiya. Ba ta yanke wa mai naƙuda hukunci, ba ta ce wa likita ga yadda zai yi aikinsa. Wannan iyakar tana da muhimmanci ƙwarai, kuma duk wadda ta tsallake ta ta zama hatsari.

Yaya zama kawai zai gajarta naƙuda? Jiki ne ke da amsar. Sinadarin da ke sa mahaifa ta riƙa matsewa tana tura jariri, wato oksitosin, yana fita sosai ne in mace tana cikin natsuwa. In tsoro ya kama ta, jiki yakan saki adirenalin, wanda ke iya rage ƙarfin matsewar ya kuma rage jinin da ke zuwa mahaifa. Duk mai kiwo ya san akuya takan nemi lungu in za ta haihu, in aka dame ta da hayaniya sai haihuwar ta tsaya. Masu bincike suna ganin irin wannan ne ke faruwa ga macen da aka bari ita kaɗai a baƙon wuri, cikin fitilu da ƙarar na'urori da fuskokin da ba ta sani ba.

Wasu sun ce sakamakon Gwatamala na asibitin talakawa ne, ba zai yi tasiri inda ake da kayan aiki ba. Sai Kennell da Klaus suka maimaita gwajin a wani asibitin zamani a birnin Houston, aka buga a 1991. A nan suka ƙara wani rukuni da ya cancanci a tsaya a kansa. Ban da masu dula da waɗanda aka bari yadda aka saba, akwai matan da aka sa musu mace ta zauna a kusurwar ɗaki tana rubutu kawai, ba ta taɓa su, ba ta ce musu uffan. Tiyata a rukunin da aka bari: kashi 18. A rukunin masu dula: kashi 8. A rukunin mai zaman kusurwa: kashi 13. Allurar kashe zafi ta ƙashin baya ma haka, daga kashi 55 ta sauko zuwa wajen 23 ga masu mai zaman kusurwa, zuwa wajen 8 ga masu dula. Wato ganin mutum a ɗakin kaɗai, ko bai motsa ba, ya sauya yadda haihuwar ta kasance. Mai yiwuwa mai naƙudar ce ta samu natsuwa, mai yiwuwa kuma ma'aikata ne suka ƙara haƙuri saboda akwai ido a kansu. A ganina duka biyun suna ciki, kuma kowanne dalili ne mai ƙarfi na kada a bar ta ita kaɗai.

A 2017 cibiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna su wuri guda, ta haɗa gwaji 26 daga ƙasashe 17, mata fiye da 15,000. Alƙaluman ba su kai na Gwatamala ban mamaki ba, amma sun fi tabbas: rakiyar da ba ta yankewa ta rage tiyata da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ta gajarta naƙuda da kimanin minti 40, ta rage yawan matan da ke tuna haihuwarsu da baƙin ciki da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba a samu wata illa ba.

Wane ne ya fi dacewa ya yi rakiyar? A 2002 an gwada da nas-nas a asibitoci 13 na Amurka da Kanada, mata kusan 7,000, yawan tiyata bai sauya ba. Nas ma'aikaciyar asibiti ce, akwai na'ura da takarda da dokar wurin aiki a kanta. Uwa da miji kuwa suna kawo ƙauna, amma suna kawo tsoronsu tare da ita. Binciken Cochrane ya nuna amfanin ya fi bayyana in mai rakiyar ba ma'aikaciya ba ce kuma ba dangi ba ce: ta ga haihuwa da yawa har ba ta firgita, kuma ba ta da wani aiki a ɗakin sai mace guda.

A Amurka ne abin ya zama sana'a, domin a can aka fi raba haihuwa da gida: a 1900 ba su kai kashi 5 ba masu haihuwa a asibiti, zuwa 1960 kusan kowa. A 1992 Kennell da Klaus, da Phyllis Klaus da Penny Simkin da Annie Kennedy, suka kafa ƙungiyar DONA don horarwa da ba da shaida. Horon na 'yan kwanaki ne, sai karatu da halartar wasu haihuwowi. Matsalar ita ce kuɗi. Ladan dula kan tashi daga ɗaruruwan daloli zuwa sama da 2,000 a manyan birane, don haka waɗanda suka fi buƙata su ne ba sa samu, musamman mata baƙaƙen fata da ke mutuwa wajen haihuwa kusan ninki uku na fararen fata. Jihohin Oregon da Minnesota ne suka fara biyan kuɗin daga inshorar marasa ƙarfi a 2014, wasu jihohin suka biyo baya.

A ƙasar Hausa

Bahaushiya ba za ta ji wannan bayani a matsayin baƙon abu ba. Mu ne masu cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, in ta sauka kuma akwai mai yi mata wankan jego, mai dama kunu, mai riƙe jariri har a yi arba'in. Wajen jego, abin da Turawa ke biyan kuɗi su samu, mu al'ada ta ba mu.

Inda muke da giɓi shi ne naƙudar kanta. Kunya da son nuna jarumta kan sa mace ta ɓoye ciwonta, ta shige ɗaki ta durƙusa ita kaɗai, ba a kiran ungozoma sai an ji kukan jariri, ta zo ta yanke cibi ta binne mabiyiya. Wani nazari da aka yi kan ƙidayar lafiya ta Najeriya ta 2008 ya gano cewa haihuwa ɗaya cikin biyar an yi ta ne ba kowa a wurin, kuma kashi 94 cikin 100 na irin wannan a Arewa ne. Wadda ta je asibiti kuma sau da yawa a ƙofar ɗakin haihuwa ake tsayar da uwarta, ta koma 'yar aike, a sayo safar hannu, a sayo magani. Mata nawa ne ke ƙin asibiti saboda tsoron kaɗaici da tsawa, ba saboda rashin sanin amfaninsa ba?

An gwada rakiya a Afirka, kuma ta yi aiki. A Johannesburg a 1991, kashi 51 na matan da aka raka suna shayar da nono zalla bayan mako shida, sauran kuwa kashi 29. A Botswana a 1999 'yan'uwa mata aka bari suka shiga, haihuwa ba tare da tiyata ko jan jariri da ƙarfe ba ta tashi daga kashi 71 zuwa 91. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, gwajin da aka buga a 2009 ya nuna masu rakiya sun fi kauce wa tiyata, naƙudarsu ta fi gajarta, sun fi saurin fara shayarwa. Ke nan ko da ba a samu ƙwararriyar dula ba, 'yar'uwa ta fi babu nesa ba kusa ba. Brazil ta mayar da shi doka tun 2005, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a ƙa'idojinta na 2018 ta ce kowace mace a bar ta da wanda ta zaɓa daga farkon naƙuda har ta sauka.

Dole a faɗi abu ɗaya ɓaro-ɓaro. Riƙe hannu ba ya tsayar da zubar jini, ba ya maganin jijjiga, ba ya fito da jaririn da ya gicciye, ba ya hana yoyon fitsarin da doguwar naƙuda ke jawowa. Waɗannan sai ungozomar asibiti da likita da jini da ɗakin tiyata. Mai rakiya a gefen ƙwararre take aiki, ba a madadinsa ba, kuma babban amfaninta a wurinmu shi ne ta zama wadda za ta fara ganin jini ya yi yawa, ko mai naƙuda tana kukan ciwon kai idonta na dishi-dishi, ta tashi ta kira nas nan take.

Uzurin da asibitoci ke bayarwa gaskiya ne: ɗaki ɗaya, gadaje shida, mata tsirara, yaya za a cika shi da baƙi? Amma abin da ake buƙata ba shi da tsada. Labule tsakanin gadaje, kujera ɗaya kusa da kowane gado, da sharaɗin mace ce za ta shiga inda ɗakin na haɗaka ne. Tun a wajen awo sai a tambayi mai ciki wa take so ya raka ta, a ce ta zo da ita awon gaba, a koya mata inda ake dannawa a ƙugu, abin da ba a ba mai naƙuda ta sha daga gida, da alamun da in ta gani ba ta jira. Ungozomomin gargajiya, waɗanda wasu shirye-shiryen lafiya ke so su daina karɓar haihuwa a gida, su ne suka fi kowa dacewa da wannan kujera, domin matan unguwa sun riga sun yarda da su.