Ƙazuwar Zomo: Baƙin Mai Ba Magani Ba Ne

Zomon da ya yawaita kaɗa kai, yana sosa kunne da ƙafar baya, a ɗaga kunnen a leƙa. Idan aka tarar da busasshen ɓawo ruwan ƙasa ya yi hawa-hawa a ciki, aikin wasu ƙananan ƙwari ne da ido bai cika ganinsu ba. Akwai danginsu masu shiga cikin fata, su zubar da gashin hanci da gefen ido da yatsu. Wannan ita ce ƙazuwa, kuma takan sa mai yawan ɗaukar zomon ƙaiƙayi, musamman yara.

Abin takaici, a nan ne masu kiwo ke kashe dabbarsu da hannunsu. Wani ya shafa baƙin mai, wani kalanzir, wani ya fesa fiya-fiya a cikin keji. Zomo kuwa yini yake yana lasar jikinsa, kuma Allah bai halicce shi da iya amai ba, don haka duk gubar da ya lasa ta zauna ke nan. Ko maganin ƙumar karnuka mai sinadarin fifronil, irin su Frontline, yana kashe zomo. Kada kuma a ɓantare ɓawon kunnen da tsinke. Ƙarƙashinsa ɗanyen gyambo ne, kuma da kansa zai zube in magani ya kama.

Maganin da likitocin dabbobi suka saba bayarwa shi ne allurar ibamektin a ƙarƙashin fata, gwargwadon nauyin zomon. Allura ɗaya ba ta wadatarwa, domin ba ta kashe ƙwai, sai an maimaita bayan kamar mako biyu. Mutane da yawa da sun ga gashi ya fara tsirowa sai su ce an gama, wata na zagayowa cuta ta dawo. A yi wa duk zomayen da ke keji ɗaya, a kwashe shimfiɗar a ƙone, a wanke kejin ya sha rana, don ƙwarin na iya rayuwa kusan mako uku ba a jikin dabba ba.

Ban da ƙazuwa, da damina a riƙa duba gindin wutsiya kullum. Ƙuda kan yi ƙwai a jiƙaƙƙen gashi mai kashi, kafin kwana ɗaya tsutsa ta fara cin nama; wannan ba ya jiran gobe. Sabon zomon kasuwa kuma, komai ƙyallin gashinsa, a ware shi mako uku kafin ya shiga cikin na gida.