Accra New Town: Yadda sassan shafin intanet ke yi wa juna shela

Unguwar Accra New Town ta yi suna wajen aikin ɗab'i. Mai neman a buga masa katin ɗaurin aure, fostar Maulidi ko kalanda, daga Nima yake ko daga Maamobi, galibi can yake nufa. Zangunan Accra kuma cike suke da mutanen da ke da dangi a Nijar, Togo, Burkina Faso da Najeriya, saboda haka wanda zai biya kuɗin katin yana iya kasancewa a Lome ko Yamai, yana karatu da Faransanci, yana lissafi da sefa, alhali mai maɗaba'ar da sidi yake ciniki.

Duk matashin da aka ba aikin gina wa irin wannan shago shafin karɓar oda zai ci karo da matsala ɗaya. Mai saye ya latsa maɓalli ya mayar da kuɗi daga sidi zuwa sefa. Dole farashin kowane kaya ya canja, jimillar da ke ƙasa ta canja, bayanin hanyar biya ma ya canja. Har yadda ake rubuta adadi ba ɗaya ba ne: abin da mai Ingilishi zai rubuta 1,250.50, mai Faransanci 1 250,50 zai rubuta. Sidi na da pesewa 100 a cikinsa, sefa kuwa ba a rubuta ta da ɓarɓashi.

Hanyar da sabon shiga ke fara bi ita ce ya sa maɓallin ya riƙa kiran kowane sashe da sunansa. Tana aiki da farko. Amma ranar da mai shago ya ce a ƙara sashen kuɗin kai kaya, sai an koma an buɗe maɓallin an yi masa ƙari, ranar da aka cire wani sashe aka manta da sunansa a can, sai shafin ya tsaya cak. Maganin wannan yana cikin burauzar kanta, ba sai an sauke wata manhaja ba.

Mene ne aukuwa?

Burauza irin su Chrome, Firefox da Safari na sanar da duk abin da ya faru a kan shafi: an latsa wuri, an rubuta harafi, hoto ya gama buɗewa, intanet ya yanke. Kowace irin wannan sanarwa ita ake kira aukuwa. Yaren JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, shi ke ba mai gina shafi damar ya ce: idan kaza ya faru, a yi kaza. Umarnin da ake kasa kunne da shi sunansa addEventListener, kuma yana cikin ƙa'idojin da hukumar W3C ta fitar a shekarar 2000.

Sai dai burauza ba ta san kasuwanci ba. Ta san an latsa maɓalli, ba ta san cewa latsawar na nufin mai saye ya koma sefa ba. Nan ne ƙirƙirarriyar aukuwa ke shigowa: mai shafi ya raɗa wa abin da ya faru suna da kansa, ya yi shelarsa, duk sashen da abin ya shafa ya ji ya yi aikinsa.

Abin ya yi kama da sanarwar da ake yi da lasifikar masallaci bayan an idar da salla. Mai sanarwa ya faɗi cewa gobe akwai ɗaurin aure a gidan wane, ya ajiye lasifika. Bai ƙidaya waɗanda suka ji ba, bai bi su gida gida ba. Mai kai goro ya san abin da zai yi, mai ba da hayar kujeru ma ya sani.

Matakai uku ne. Da farko a ƙera aukuwar:

const shela = new CustomEvent("kudi-ya-canja", kaya);

Wannan kaya ƙunshi ne na bayani, kuma a cikinsa akwai gurbi mai suna detail inda ake zuba saƙon, misali XOF idan sefar Afirka ta Yamma aka zaɓa, GHS idan sidi ne, NGN idan naira ce. Sannan a yi shelar:

document.dispatchEvent(shela);

Kowane sashe kuma tun da wuri ya riga ya kasa kunne:

document.addEventListener("kudi-ya-canja", sabuntaFarashi);

Shi ke nan. Maɓallin bai san da sashen farashi ba, sashen farashi bai san da maɓallin ba. Sunan shelar kaɗai ya haɗa su. Amfanin haka ya fi fitowa idan doka ta canja. A Mayun 2022 gwamnatin Ghana ta fara karɓar harajin E-Levy na kashi 1.5 cikin 100 a kan tura kuɗi ta waya, ta rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, sannan aka soke shi a Afrilun 2025. Shafin da ya ware lissafin wannan haraji a mai sauraro guda, gyara wuri ɗaya ya ishe shi a kowane karo. Wanda ya cuɗa lissafin cikin kowane maɓalli kuwa, sai ya bi layi layi yana lalube.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na lokaci. Burauza ba ta ajiye shela. Idan aka yi ta kafin mai sauraro ya iso, ta wuce ke nan, kamar wanda ya shigo masallaci bayan an kashe lasifika. A kwamfutar mai gina shafi, inda komai ke buɗewa nan take, ba a ganin wannan. Sai a wayar mai saye da ke fama da raunin sabis, inda wani fayil ya riga wani isowa da daƙiƙa uku, sannan jimilla ta tsaya a sidi alhali sauran farashi sun koma sefa. Wanda ya ga 400 a matsayin sefa, ashe sidi ne, rigima ce ke jiran mai shago. Abin da ya dace shi ne kowane sashe, da zarar ya tashi, ya fara tambayar wane kuɗi ake kai yanzu, sannan ya zauna jiran shela ta gaba.

Na biyu shi ne hawa. Aukuwa irin ta latsawa takan taso daga ƙaramin maɓalli ta hau zuwa akwatin da ke ɗauke da shi, har ta kai ƙololuwar shafi. Ƙirƙirarriyar aukuwa ba ta hawa sai an ba ta izini, ta hanyar sa bubbles ya zama true a cikin wancan ƙunshin. Mai koyo yakan yi shela a kan maɓalli, ya kasa kunne a saman shafi, ya wuni yana mamakin shiru.

Suna ma na da nasa tarko. Burauza na bambanta babban harafi da ƙarami, kuma idan an yi kuskuren harafi ɗaya ba za ta yi ƙorafi ba, shelar ce kawai ba za ta sami mai ji ba. Ana iya sa ɗ da ƙ a sunan aukuwa, burauza za ta karɓa, amma idan mutum biyu ke aiki, ɗaya da allon rubutun Faransanci a Maraɗi, ɗaya da na Ingilishi a Nima, gara a bar haruffa masu lanƙwasa ga rubutun da mai saye zai karanta.

Akwai kuma mai sauraro da aka naɗa sau biyu. Idan duk lokacin da aka buɗe tagar oda ana ƙera sabon mai sauraro ba a sallami tsohon da removeEventListener ba, shela ɗaya za ta aika oda biyu, ko uku. Shafin kuma yana ƙara nauyi a wayar da dama ba ta da isasshen wuri. Wani abin lura: dispatchEvent ba ya sakin hanya sai duk masu sauraro sun gama aikinsu ɗaya bayan ɗaya, don haka mai sauraro ɗaya mai nawa na iya daskarar da allon gaba ɗaya.

Shela ba rasit ba ce

Wannan ne wurin da kuɗi ke iya salwanta. Tun da MTN ta kawo MoMo Ghana a 2009, biya ta waya ya zama ruwan dare, kuma abu ne mai sauƙi mai gina shafi ya ƙirƙiri aukuwa mai suna an-biya, ya sa idan ta tashi a tura aiki ga injin bugu. Haɗarin shi ne duk abin da ke gudana cikin burauza yana hannun mai burauzar. Wanda ya san kan abin zai buɗe kayan aikin masu gina shafi da ke cikin Chrome, ya rubuta layi ɗaya, ya yi shelar an-biya ba tare da ya tura ko pesewa ba. Burauza na yi wa aukuwar da mutum ya haddasa da yatsansa alamar isTrusted, amma duk wata ƙirƙirarriya, ta gaskiya da ta bogi, ba ta da wannan shaida, don haka ba za a rarrabe su ta nan ba.

Tabbacin biya dole ya fito daga kamfanin kuɗin zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin. Bayan saba ta tabbatar, sai a yi shela a burauza don a nuna wa mai saye cewa kuɗinsa sun shiga.

Shela kuma ba ta ƙetare shafin da aka yi ta. Idan mai saye ya buɗe shagon a taga biyu, ta biyun ba za ta ji ba sai an yi amfani da wata hanya irin BroadcastChannel.

A da, Internet Explorer ba ta karɓar wannan gajeriyar hanya ta ƙera CustomEvent, sai an bi wata tsohuwa mai tsawo. Microsoft ta yi mata ritaya a Yunin 2022, yanzu manyan burauzoji duk sun daidaita. Wadda ke buƙatar gwaji na musamman ita ce Opera Mini, da mutane da dama ke so saboda tsimin data: a yanayinta na matsanancin tsimi, a kwamfutocin kamfanin ake sarrafa shafi kafin a turo shi waya, kuma JavaScript ba ya samun cikakkiyar dama.

Masu koyon wannan sana'a ba su yi nisa da New Town ba. Shirin Tech Needs Girls na Regina Honu ya koyar da 'yan matan Nima rubuta manhaja, ga kuma cibiyar fasahar sadarwa ta Kofi Annan da Ghana da Indiya suka buɗe a Accra a 2003. Wanda ke son gwadawa ba ya buƙatar data ma: fayil ɗaya na HTML, maɓalli ɗaya, da waɗancan layuka uku sun isa a ga farashi na juyawa daga sidi zuwa sefa.