Sau Nawa Ne Daidai? Lissafin Wankin Hannu ga Mai Murmurewa daga Waswasi a Magarya da Dungas

Mai ciwon waswasin tsabta, ranar da ya fara samun sauƙi, tambaya ɗaya ce ke hana shi sakat: to yanzu sau nawa zan riƙa wanke hannu? Mutum ne da ya shekara da shekaru yana narkar da sabulu har fatar hannunsa ta tsattsage, ya manta yadda sauran jama'a ke yi. Idan ka ce masa ya yi kamar kowa, ka bar shi a duhu, domin "kamar kowa" ɗin nan shi ne abin da ciwon ya ƙwace masa. Lamba yake nema. Lambar kuwa akwai ta, sai dai an yanke ta ne a wata ƙasa, kuma kafin a miƙa wa mutumin Bande ko Dogo-Dogo sai an gwada ta da rayuwarsa.

Lambar ita ce 5. Ta fito daga aikin Edna Foa, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka, wadda ta ƙware a wannan ciwo da likitoci ke kira OCD. A ƙa'idar da ita da abokan aikinta ke ba majinyaci idan magani ya zo ƙarshe, wankin hannu kada ya wuce sau 5 a rana, kowanne sakan 30, wanka kuma sau ɗaya, kada ya wuce minti 10. Sau 5 na sakan 30 minti biyu da rabi ke nan a yini guda. Hikimar a fili take: wanda ya saba da tsayuwa a bakin ruwa na awanni yana buƙatar shinge mai tsauri, in ba haka ba sannu a hankali zai koma gidan jiya.

Amma wa aka rubuta wa wannan ƙa'ida? Mai famfo a ɗaki, mai masai na ruwa, mai ci da cokali. Mu kuwa tuwo muke sa wa hannu, galibi a kwano ɗaya da ƴan uwa, kuma da ruwa da hannu muke tsarki. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna cewa a Nijar kusan mutum 1 cikin 4 ne kawai ke da wurin wanke hannu mai ruwa da sabulu a gida, kusan 2 cikin 3 kuma a fili suke bayan gida. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 5,000 a ƙasar, ya kashe fiye da 150, jihar Damagaram na cikin inda ya shiga. Ƙungiyar likitocin nan na-gari-na-kowa, MSF, tana aiki a Magarya tun 2005, kuma duk wanda ya leƙa sashen yara na asibitin garin a tsakiyar damina ya san yadda zazzaɓin sauro, tamowa da gudawa ke haɗuwa a kan yaro ɗaya. Wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100. Duk wanda zai ce wa uwar jariri a nan kada ta wuce sau 5, ya yi mata maganin wani ciwo ya buɗe wa ɗanta ƙofar wani.

Don haka sai mu ƙirga da kanmu. Ma'aikatan lafiya suna koyar da lokuta biyar: bayan an fito daga bayan gida, bayan an wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin cin abinci, kafin a ciyar da yaro. Lokuta biyar ne, amma kowanne yana maimaituwa. A ɗauki mace mai goyo a wani ƙauye na Waca. Bayan gida, a ce sau 3. Kashin jariri, sau 4. Girki, sau 2. Ci da ciyarwa, sau 3 kafin a fara, sau 3 bayan an gama saboda miya. Alwala, sau 5. An kai 20. Wasu suna shiga cikin wasu, kamar wadda ta fito daga bayan gida ta wanke hannu ta zarce da alwala, don haka a ce 15. Namijin da ke kai dabbobi kasuwar Maigatari ran Alhamis zai iya tsayawa a 10 ko 12, duk da alwalarsa. Wannan ƙidaya tawa ce, kowa na iya yin irinta a gidansa, kuma abin da take nunawa shi ne mai lafiya sarai a Magarya yana iya ninka lambar Foa sau uku.

Ashe yawan wankin shi kaɗai ba ya raba mai lafiya da mai ciwo. Lokaci ya fi shi faɗin gaskiya. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan da likitoci ke dubawa kafin su ce ciwo ne shi ne tunanin da wankin su cinye fiye da awa 1 a rana, ko su hana mutum aikinsa da zaman lafiyarsa. Mai goyon nan tamu, wanki 10 na sakan 30 minti 5 ne, alwala 5 ta minti bibbiyu minti 10, jimla minti 15. Wani kuma sau 12 kacal yake wanki, ƙasa da nata, amma kowanne yana ɗaukar minti 5, yana cuɗa yana ƙirgawa, idan ya ɓata ƙirga ya sake daga farko. Shi ya cika awa guda cif. Ita ta fi shi yawan wanki, shi ne mara lafiya. Nan ne ya kamata a yi hattara da wata lamba da ake yawan liƙawa a bangon asibiti, sakan 40 zuwa 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wannan ne don ma'aikatan jinya masu taɓa rauni da jini. Ga mutumin gida, sakan 20 na cuɗa da sabulu ya wadatar, wanda ke murmurewa kuma ya tsaya tsakanin 20 da 30, ya ɗauraye, ya tashi.

Ruwa ma ma'auni ne, kuma shi ne wanda mutanen gida suka fi saurin lura da shi, tunda su ke ɗebowa. Ƙungiyoyin agaji suna ɗaukar lita 15 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana, sha da girki da tsabta. Buta mai cin lita 2, idan mai waswasi yana ƙarar da ita a kowane wanki sau 30 a yini, lita 60 ta tafi, rabon mutum huɗu. Yarinyar da ta turo jarka daga rijiya da rana tsaka tana ganin wannan, rigimar gida kuma daga nan take somawa. Ana ce masa mai ɓarna, ana ce masa mai iyayi, alhali shi ya fi kowa ƙin abin da yake yi.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne malamanmu sun daɗe da nasu lambobin, kuma ba su yi nisa da na likitoci ba. Hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita 1 ba, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Alwala biyar a wannan awo ba ta kai lita 4 ba. A mazhabar Malikiyya wanke gaɓa sau ɗaya ya sauke farilla, na biyu da na uku falala ce, na huɗu an hana. Littafin Ahalari, wanda kowane almajiri ya buɗe, ya wajabta sabuwar alwala ga mai shakkar ko tasa ta karye, amma ya cire mai waswasi, shi babu komai a kansa. Malaman fiƙihu ma sun sa masa iyaka da lamba: wanda shakka ke zo masa kullum, ko da sau ɗaya a rana, ya yi watsi da ita. Mai murmurewa da ke tsoron rage wanki kada sallarsa ta lalace ya san cewa rangwamen nan dominsa aka yi. Kuma alwala ɗaya tana iya ɗaukar salla biyu ko fiye muddin ba ta karye ba.

Mutum nawa muke magana a kai? Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magarya mutum fiye da 570,000, Dungas kuma, wadda aka cire daga jikinta a 2011, fiye da 350,000. Jimla ta haura 900,000, yau kuwa an zarce haka nesa. Kusan rabi yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, saura kimanin 450,000. Wani babban bincike a Amurka ya sami ciwon a kashi 2.3 cikin 100 na manya a tsawon rayuwarsu, yana kuma farawa galibi wajen shekara 19. Binciken da Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a ƙasar Yarabawa, wanda aka buga a 2006, ya sami mutum 1 cikin 1,000. Idan aka ɗora waɗannan a kan manyan gundumomin biyu, za a sami ƴan ɗaruruwa a ƙasa, kusan 10,000 a sama. Tazarar babba ce, kuma ina ganin kunya na da hannu a ƙaramar lambar, domin mai wannan ciwo gwanin ɓoyewa ne. Ba dukansu ne masu wanki ba, akwai masu duba ƙofa, akwai masu maimaita kabbara. A garin da tsabta da tsarki abin yabo ne, mai wankin yana iya shekara goma ana ce masa ustazu kafin wani ya kalli hannunsa.

Maganin yana da tarihi da sakamako. Victor Meyer ya fara shi a Landan a 1966: a sa majinyaci ya taɓa abin da yake ƙyama, a hana shi wanki, ya zauna da fargabar har ta sauka da kanta. A gwajin da Foa da abokanta suka buga a 2005, na mutum 122 cikin mako 12, kashi 62 cikin 100 na waɗanda suka fara wannan horo sun sami sauƙi sosai, cikin waɗanda suka kammala kuwa kashi 86. Ƙwayar clomipramine ita kaɗai ta ba da kashi 42, ƙwayar da babu magani a cikinta kashi 8. Tazarar da ke tsakanin 62 da 86 tana nuna inda wahalar take, wato a jure har ƙarshe. Masu shan ƙwaya kuma su sani sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ce ta yi aiki ko ba ta yi ba, kuma likita ne ke rubuta ta. Daga Magarya ana iya nufar babban asibitin Damagaram, wasu kuma suna tsallaka iyaka zuwa asibitin Dawanau a Kano ko na Kazaure.

To me zan ce wa mai tambayar nan? Ya zauna da wani mai lafiya a gidansu, mai irin aikinsa, su rubuta dalilan wanki na yini guda, dalilan da ido ke gani: bayan gida, kashin yaro, girki, ci, alwala, datti ko maiƙo a hannu. Duk lambar da ta fito, 8 ce ko 16, ita ce tasa. Kowane dalili wanki ɗaya, sakan 20 zuwa 30, ba komowa. Gaisawa da mutum, karɓar kuɗi, taɓa ƙofa, ko jin cewa hannun "bai fita ba" ba sa cikin takardar. Ƴan uwa kuma su daina amsa masa idan ya tambaya karo na biyu ko ya wanke da kyau, domin amsar nan ita ma wanki ce, da baki ake yin ta. Idan amai da gudawa ya shigo gari, ma'aikatan lafiya suka ƙara wa kowa wani abu, shi ma ya ƙara daidai abin da suka faɗa, ranar da suka ce an sauke ya sauke tare da mutanen unguwa.