Gadarif: ana gwada riɗi, ba a gwada abin da ke hannun mai feshi

Lokacin da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, a Disamba 2023, hankalin kowa ya tafi kan jama'ar da suka yi gudun ceton rai, waɗanda da yawansu suka nufi Gadarif. Haka ya kamata. Amma a ranar nan Sudan ta yi wata asarar da ba a cika ambato ba. A Madani ne hedikwatar Hukumar Binciken Aikin Gona take, inda ake jarraba magungunan ƙwari da na ciyawa kafin a yi musu rajista. Watanni takwas kafin nan, yaƙi ya riga ya tarwatsa manyan ɗakunan gwaje-gwaje na Khartum, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a Afrilu 2023 cewa masu ɗauke da makamai sun mamaye babban ɗakin gwajin lafiya na ƙasa. Sojoji sun ƙwato Madani a Janairu 2025, Khartum kuma a Maris, don haka yanzu lokacin sake gini ne. Tsorona shi ne a mayar da ginin a kan tsohon tubalinsa, wanda tun kafin yaƙi bai san da zaman leburan gona ba.

A shekarun da suka gabaci yaƙin, Sudan ta shiga sahun ƙasashen da ke neman ɗakunan gwajinsu su samu shaidar tantancewa. Tana da hukumar kula da inganci da awo, SSMO, tun farkon shekarun 1990, daga baya aka kafa majalisar tantancewa, SDAC, wadda aikinta shi ne ta binciki masu binciken. Ma'aunin da duniya ta yarda da shi shi ne ISO/IEC 17025: a duba ƙwarewar ma'aikata, a duba ko na'urori na ba da awo na gaskiya, a aiko wa ɗakin gwaji samfurin da bai san abin da ke ciki ba a ga ko zai gano. Kamar dai sarkin kasuwa ne ya zagayo yana duba mudun masu awo. Wannan ci gaba ne, ba na musu. Tambayar ita ce wa ya jawo shi, kuma don wa.

Mai saye ne ya jawo shi. Riɗin Gadarif, musamman fari, na cikin wanda kasuwar duniya ta fi so, kuma masu sayensa sun daina karɓar magana da baki. A ƙarƙashin dokarta mai lamba 2019/1793, Tarayyar Turai ta sa riɗin Sudan cikin kayan da ba sa shiga sai da takardar hukuma da sakamakon gwajin ƙwayar cutar salmonela, kuma dokar ta ce dole ɗakin da ya yi gwajin ya kasance an tantance shi bisa wancan ma'auni. Shi ya sa aka ga hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da UNIDO, sun zo da shirin inganta riɗi a jihohin Gadarif da Kurdufan ta Arewa, har da ƙarfafa ɗakunan gwaji. Mu a Najeriya mun san wannan labari, domin a 2015 ne Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa saboda yawan maganin fiya-fiya da aka samu a cikinsa, kuma a wannan tsakanin ne aka kafa tamu hukumar tantancewar, NiNAS. Nan da can, abin da ya tashi gwamnati daga barci ɗaya ne: kwantenar da aka dawo da ita.

To, sai a lura da abin da ake gwadawa. Ban da salmonela, ana neman ɗan ragowar maganin da ya maƙale a ƙwayar riɗi, wanda ake aunawa da miligiram cikin kilo, saboda wanda zai ci shi a Jamus ko Jafan. Shi kuwa maganin kansa, a kaurinsa, cikin jarka, mutum ne yake buɗe shi da hannu, ya dama, ya zuba a gorar feshi ya goya a baya. Abin da ya taɓa jikin wannan mutum a yini guda ya ninka abin da mai cin riɗin zai haɗu da shi nesa ba kusa ba. Amma babu mai saye a ƙetare da zai dawo da kaya don an ce safar hannun mai feshi ta yoyo.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ɗauka cewa da zarar ƙasa ta samu ɗakin gwajin da aka tantance, shi ke nan komai ya shiga. Ba haka tantancewa take ba. Ana ba da ita ne gwaji-gwaji. Ɗakin da aka amince masa ya nemi salmonela a riɗi ba a amince masa ya faɗi ko jarkar maganin ciyawa na 2,4-D tana ɗauke da abin da aka rubuta a jikinta ba. Wanda ya iya wannan kuma bai iya gwada ko takunkumin fuska yana tare tururin guba ba, ko minti nawa magani ke ɗauka kafin ya ratsa safar roba. Kowanne da na'urarsa, da gwaninsa, da kuɗinsa. Kuma ɗakin gwaji, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, ba zai kashe kuɗi ya nemi shaida a kan gwajin da babu mai kawo masa ba.

Me ya sa babu mai kawowa? A ganina amsar tana cikin dokar ƙwadago, ba cikin ɗakin gwaji ba. Dokar ƙwadagon Sudan ta 1997 ta ware ma'aikatan gona daga waɗanda take karewa, in ban da masu tuƙa injuna da gyara su da masu aiki a wuraren sarrafa amfanin gona. Ta kuma ware masu aikin wucin gadi. Duk wanda ya san Gadarif ya san ma'anar wannan. Tun da Turawan Ingila suka fara noma da injuna a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, sunan noman ne kawai na inji. Tarakta tana huɗa tana shuka, amma yankan riɗi da yawancin aikin ciyawa na hannu ne, kuma masu yin sa su ne waɗanda ake kira jango, leburorin damina da kaka: 'yan yammacin Sudan, 'yan Habasha masu tsallakowa ta Matama da Gallabat, da 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani waɗanda kakanninsu suka zauna a kan hanyar hajji. Abdul'aziz Baraka Sakin ya rubuta littafin labari guda a kan rayuwarsu. Ana biyansu da aiki ne, a riɗi a lissafa musu da hilla, wato tarin dammunan da suka jingine. Babu takardar ɗaukar aiki, babu suna a rajista. Idan mutum ya yi feshi ya wuni da jiri da amai, gobe wani ne zai ɗauki gorar.

Idan doka ba ta ɗora wa mai gona nauyin kare leburansa ba, ba zai sayi kayan kariya ba. Idan ma tausayi ya sa ya saya, zai ɗauki mafi arha a kasuwa, kuma ba shi da hanyar sanin ko na ƙwarai ne. Ɗan kasuwar da ke shigo da kayan ya san babu mai tambayarsa takarda, don haka ba zai biya kuɗin gwaji ba. Haka zaren yake tafiya har ya kai ga ɗakin gwajin da ba a taɓa ginawa ba.

A Amurka, inda aka fi jin labarin tsarin gwada kayan aiki da na kariya, daga ɗaya bakin aka faro. Dokar kare lafiyar ma'aikata ta 1970 ce ta kafa hukumar OSHA, ƙa'idojinta kuma suka ce wasu kayan aiki, musamman na lantarki da na kashe gobara, ba za a yi amfani da su a wurin aiki ba sai an gwada su. A 1988 hukumar ta tsara yadda za ta riƙa amincewa da ɗakunan gwaji masu zaman kansu irin su UL da FM, tana binciken ƙwarewarsu da kuma cewa ba sa ƙarƙashin masu ƙera kayan. Takunkuman numfashi kuwa wata cibiyar gwamnati, NIOSH, ita ke ba su shaida. Abin lura shi ne tilas ta fara sauka a kan mai ba da aiki, sannan kasuwar gwaji ta samu abin ci. Sudan, kamar Najeriya da Nijar, ta ɗauko rabin tsarin ta bar rabin da ke motsa shi.

Sakamakon yana nan a fili ga mai son gani. Tun a 2001 FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi gargaɗi cewa kusan kashi 30 cikin 100 na magungunan ƙwari da ake sayarwa a ƙasashe masu tasowa ba su kai ma'aunin inganci ba, suka kuma nuna matsalar ta fi tsanani a Afirka kudu da Sahara. Wannan a lokacin zaman lafiya ke nan. A ƙasar da kuɗinta ya karye, hanyoyin shigo da kaya suka sauya, masu binciken suka watse, babu dalilin zaton abin ya gyaru. Gurɓataccen magani yana cutar da lebura ta hanya biyu. In ya yi rauni, mai gona zai ce a ƙara yawa a sake fesawa, mai feshi ya ninka zamansa cikin guba. In kuma abin da ke ciki ba shi ne a rubuce ba, ranar da aka kai shi asibiti likita zai yi maganin gubar da ba ita ya shaƙa ba.

Abin bai tsaya a gona ba. Gadarif gari ne na rumbuna da ɗakunan ajiya, kuma a nan ake amfani da ƙwayar nan da ake sakawa cikin hatsi ta saki iskar fosfin don kashe ƙwari. Wannan iska tana kisa, kuma takunkumin ƙura, ko da na gaske ne, ba ya tare ta ko kaɗan. Ɗan dakon da ya shiga sito da ƙyalle a hanci yana jin ya kare kansa, alhali babu abin da ya tsaya tsakaninsa da ita. Wannan ya fi damuna fiye da rashin kayan kariyar baki ɗaya, domin wanda ya san ba shi da kariya yakan ja da baya, wanda aka ba shi ta bogi kuwa kutsawa yake yi. Kuma tambarin da ke jikin kaya ba hujja ba ne. A 2020, lokacin korona, gwajin NIOSH ya nuna takunkumai da yawa da aka shigo da su Amurka ba sa tace abin da suka yi iƙirari, har aka janye izinin kamfanoni masu yawa a watan Mayu. In an iya yi wa Amurka haka, kasuwar Gadarif fa?

Akwai masu cewa bai kamata a miƙa wannan aiki ga ɗakunan gwaji masu zaman kansu ba, tunda wanda ake gwada kayansa shi ke biya, kuma mai biya ba ya rasa yadda zai samu sakamakon da yake so. Akwai kuma masu cewa a zafi da gumin damina babu leburan da zai jure rigar roba, komai ingancinta. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, na biyun ma ƙa'idar FAO da Hukumar Lafiya ta Duniya kan magungunan ƙwari ta amince da shi, inda ta ba da shawarar a guji magungunan da sai da kayan kariya masu tsada ko masu takura, musamman a ƙasashe masu zafi. Amma wannan hujja ce ta hana mafi haɗarin magunguna, kuma ba za a iya hana abin da ba a iya ganowa a jarka ba. Na farkon kuwa shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiri tantancewar tun asali: gwamnati ta daina ƙoƙarin gwada kowace jarka da kanta, ta koma sa ido a kan masu gwajin, da ikon ƙwace shaidar wanda ya yi ha'inci. Tsarin da ya tara komai a hannun gwamnati a birane biyu, mun ga yadda ya ƙare cikin wata takwas.

Ba ina cewa a gina wa Gadarif ɗakin gwada takunkumi da hular kwano ba. Wannan ya fi ƙarfin kasuwarta, kuma ba a bukatarsa. Ƙasashe sun daɗe da yarjejeniyar karɓar sakamakon juna wadda aka ƙulla a ƙarƙashin ƙungiyar ILAC, don haka ya isa a ce kayan kariyar da za su sauka a Bur Sudan su zo da rahoton ɗakin da aka tantance, a kuma tuntuɓi ɗakin a tabbatar rahoton nasa ne. Abin da ya kamata a yi a Gadarif kanta shi ne gwajin abin da ke cikin jarka. Daga nan zuwa Madani ya haura kilomita 200, zuwa Khartum kusan 400, zuwa Bur Sudan ya wuce 700, alhali lokacin feshi 'yan makonni ne, sakamakon da ya iso bayan an gama fesawa kuwa bai amfani kowa ba. Jami'ar Gadarif tana nan tun 1994 da tsangayar aikin gona, kuma masu fitar da riɗi suna da dalilinsu na son irin wannan ɗaki, tunda na'urorin da ke auna ragowar magani a riɗi dangin waɗanda ke auna ƙarfinsa a jarka ne, illa dai a raba musu wuri don kada kaurin wannan ya gurɓata awon wancan.

Saura wanda zai tilasta a kawo samfurin. Gyaran dokar 1997 shi ne na asali, amma ba na sa ran ganinsa da wuri a ƙasar da ke cikin yaƙi. Akwai hanya mafi kusa. Manyan manoman Gadarif da yawa da bashin Bankin Noma na Sudan suke shiga damina, kuma majalisar kula da magungunan ƙwari da dokar 1994 ta tanada ita ke da iko a kan rajista da shigo da magani. Bankin zai iya sa sharaɗi cewa maganin da za a saya da kuɗinsa ya fito daga kason da aka gwada, kuma a ware wani abu cikin bashin don safa da takalmi da takunkumin da ke da rahoto. Majalisar kuma za ta iya ɗibar samfuri daga shagunan kasuwa a watan Yuni, kafin ruwa ya zauna, ta sanar da sunayen waɗanda suka faɗi a rediyon jiha da Larabci da Hausa da Amharanci, harsunan da masu goya gorar ke ji.