Ayarin Kekuna a Hanyar Kasuwa: Direba, Ka Ɗan Jira

Ranar Juma'a a hanyoyin da ke shiga Wudil, ko Lahadi wajen Dambatta, ko Alhamis a Maigatari, tun da sassafe za ka ga masu kekuna a jere, wani da buhun gero a kariya, wani da kejin kaji, wani da damin kara da ya fi kan keken faɗi. A kan wannan 'yar siririyar kwaltar ce kuma motocin haya da tifofi ke sheƙa gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen wucewa. Direba ya hango kekuna goma, sai ya ɗauka ɗan kaucewa kaɗan zai yi. Ai kekuna goma a jere sun fi tirela tsawo, kuma yadda ba ka wuce tirela a kwana ko a hawa, haka su ma. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya. In wata mota ta ɓullo daga gaba kana tsakiyar wucewa, hannunka da kansa zai karkata sitiyari dama, wato kan mutanen da ba su da ƙarfe ko gilashin da zai tare musu.

Mutane da yawa na cewa, me ya hana mai keke sauka gefe? A duba gefen tukuna. Ruwan damina ya zaizaye bakin kwalta, ga gangare, ga rairayi, ga ƙaya. Tayar gaba ta shiga yashi da buhu a baya, faɗuwa ce, kuma ba mai zaɓen inda zai faɗa. Shi ya sa dokar hanya ta Birtaniya, tun gyaran 2022, ta ce a bar wa mai keke aƙalla mita 1.5, in ana gudu sosai a ƙara. Tazarar ba ta yi yawa ba a nan ma, musamman ga babbar mota, wadda iskarta kaɗai kan girgiza keke. Hon kuma daga nesa ake yin sa, sau ɗaya. Danna shi a ƙeyar mutum firgitarwa ce, ba gargaɗi ba.

Ku ma masu keke, akwai naku. Hira tana da daɗi, amma jerawa uku-uku a kwana ganganci ne. Da an ji ƙarar mota a koma layi ɗaya, in kuna da yawa ku rabu gida biyu, ku bar fili a tsakani inda mota za ta iya shiga. Na gaba ya nuna rami da hannu, na baya ya yi shelar mota. Tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, amma har yau ana ganin masu keke suna tunkarar motoci a hannun da ba nasu ba.

Dawowa daga kasuwa ta fi tafiya haɗari: magariba ta yi, ga hazo a lokacin hunturu, ga gajiya. Keke marar fitila da mai shi cikin baƙar riga, sai an zo daf ake ganinsa. Ko tocila ce a ɗaura a gaba, a manna abu mai ƙyalli a baya, a duba burki kafin a fito.

In tsautsayi ya afka, a kira jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122. Shugabannin tashoshin mota da masu unguwanni, don Allah ku riƙa tuna wa mutanenku wannan magana kowace ranar kasuwa.